Ƙusa Ta Biyu a Bangon Inna

Kwana-kwana ake ce masa a wajen aiki, sunan kuma ya biyo shi har gida, har Inna kan kira shi da shi in tana cikin raha. Bai taɓa riƙe mesar ruwa ba. Gobarar da yake kashewa ta cikin kwamfuta ce. In 'yan kutse suka lallaɓo cikin na'urorin kamfanin da yake wa aiki, ko wani ma'aikaci ya danna abin da bai kamata ya danna ba cuta ta shiga, shi ake nema. Shekara goma sha huɗu ke nan yana zaune a wani ɗaki marar taga a hawa na biyu, mai sanyi kamar cikin firji, da allon kwamfuta uku a gabansa da tsohuwar rigar sanyi rataye a bayan kujera, gwiwar hannunta ta huje.

Ba makaranta ce ta koya masa ba. Mahaifinsu mai gyaran rediyo ne, a gaban teburinsa ya tashi yana miƙa sukurdireba yana shaƙar hayaƙin dalma. Yana shekarar farko a babbar makaranta Allah Ya yi wa tsohon rasuwa, ya tattara littattafansa ya dawo gida ya riƙe Inna da ƙannensa. Daga rediyo ya koma waya, daga waya ya koma kwamfuta, har wani ya ga hannunsa ya kai shi kamfanin. Duk abin da ya koya a hanya yana cikin wani baƙin littafi da yake ɗaurewa da roba: in ka ga kaza, fara cire wannan, in bai tsaya ba, duba can, kada ka kashe na'urar tukuna, ɓarawon zai gudu da sawunsa. Ba ya bari kowa ya buɗe littafin. Ko banɗaki zai shiga, da shi yake tafiya a aljihu.

Abin da ya fi so a duniya bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma matarsa ta sani. Shi ne lokacin da wani zai turo ƙofar ɗakin nan yana haki, ya ce a kira Kwana-kwana. A ranar irin wannan, in ya dawo gida, tafiyarsa ma daban take. Yakan ci abinci har ya nemi ƙari.

Auta kuwa, shi ya raine ta. Tana 'yar shekara goma sha biyu ya ɗora ta a kan kujera, ya sa mata filo biyu don hannunta ya kai, ya nuna mata inda haruffa suke. Shi ya kai ta jami'a ranar farko da akwatinta a kansa. Ta gama, ta sami aiki a wani wuri irin nasa amma mai tagogi, ta yi aure a can wata unguwa, tana zuwa gida duk Asabar. Har nan ba abin da ke ransa sai alheri. In ana yabon ta yakan ce ai hannunsa ne.

Sai ta zauna wata jarrabawa ta tsaron kwamfuta, ta ci, aka ba ta takardar shaida. Jarrabawar ta koya wa na'ura aikin kwana-kwana ce. Maimakon mutum ya taso a guje in ƙararrawa ta buga, sai a rubuta wa na'urar umarni tun kafin abin ya faru: in kin ga kaza ki toshe, ki rubuta dalili, ki sanar da mai wurin. Shi ke nan, kafin mutum ya ajiye kofin shayinsa an gama. Wato abin da ke cikin baƙin littafinsa, an ɗauke shi an ba ƙarfe.

Inna ba ta san me takardar ta ƙunsa ba, amma ta ga hatimi mai ruwan zinariya. Ta sa aka yi mata gilashi, aka rataye a ɗakinta kusa da hoton marigayi. Da yake mace ce mai gudun bambanta 'ya'ya, kafin kafinta ya tafi ta sa ya buga wata ƙusar a gefe. Da Babba ya shigo gaishe ta, don ita haka take kiransa, ta nuna masa da baki ta ce wannan tasa ce, tana jiran tasa takardar.

Da kyakkyawar niyya ta yi. Amma daga ranar, kullum ya durƙusa gaishe ta da safe, ƙusar nan ce ke fara amsa masa. Tsirara take, kanta na ƙyalli. In baƙi suka zo Inna takan ce wannan ta Auta ce, waccan kuma ta yayanta tana hanya, su ce Allah Ya kawo ta lafiya, shi kuma ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

Ba a yi wata biyu ba shugaban sashensu ya tara su ya ce kamfani ya sayi sabon tsari, kuma duk wanda zai ci gaba da zama a ɗakin nan sai ya kawo wannan takardar kafin ƙarshen shekara. Wanda bai kawo ba, akwai gurbi a ƙasa, wajen masu gyaran firinta. Ya faɗa yana kallon bango, amma kowa ya san da wa ake. Sauran abokan aikinsa uku na ɗakin duk 'yan jami'a ne.

Haka Kwana-kwana ya koma ɗalibi da furfura a gemu. In ya dawo daga sallar asuba ya shimfiɗa littafin jarrabawar a teburin falo, mai kauri kamar bulo, ya sa tabarau, ya yi ta bi da yatsa har yara su tashi shirin makaranta. Da rana, abokan aiki na cin abinci, shi yana jarrabawar gwaji a allo na uku. Saba'in ake nema cikin ɗari. Ya sami hamsin da huɗu. Ya sake, hamsin da takwas. Ya sake, ya koma hamsin da shida.

Abin da ke kayar da shi ba rashin sani ba ne. Tambaya za ta ce cuta ta shiga kwamfuta ashirin a lokaci guda, me ya kamata tsarin ya fara yi? Shi kuwa zuciyarsa ta riga ta tashi tsaye ta hau bene, ta zare waya daga bango, ta leƙa fuskar ma'aikacin don ta gane ko ƙarya yake. Sai ya duba amsoshi huɗun da aka jera, ya ga babu ƙafafunsa a ciki ko ɗaya. Yakan yi tsaki ya ce wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa ganin gobara ba sai a hoto.

Auta ta ji labari wajen matarsa. Wata Asabar ta zo da nata littafin da ta yi karatu da shi, gefensa duk 'yan takardu masu launi, ja da kore da ruwan ɗorawa, ta ajiye masa a teburi da hannu biyu. Ta ce in yana so, duk Asabar bayan azahar sai su zauna awa ɗaya.

"To, Farfesa," ya ce, bai ɗago ba. "Filo nawa za ki sa mini a kujerar?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta tafi ya ɗauki littafin ya sa a ƙarƙashin fankar tebur, wai ƙafarta ɗaya ta gajarta. Matarsa ta gani tana share falo. Ta ce masa, Baban yara, ai fankar nan lafiyarta ƙalau. Ya ce ita da ta san fanka haka me ya hana ta buɗe shago. Ta ci gaba da shara, amma kullum sai ta goge ƙurar da ke kan littafin.

Ya san sunan abin da ke cin sa. Yakan yi istigfari a kai bayan salla, ya roƙa wa Auta ƙarin buɗi da bakinsa, yana ji a ransa addu'ar tana fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Zuciya ba ta da ƙashi. Abin da ya fi ƙona shi, yarinyar ba ta yi masa komai ba. Da ta yi fahariya ko sau ɗaya, da ya sami inda zai rataye fushinsa.

Jarrabawar tana da ɓangaren aiki da hannu: a ba ka na'urori na gwaji, a ce ka gina umarnin da zai gane baƙuwar na'ura, ya toshe ta, ya rubuta dalili, ya aika wa mai wurin saƙo. Saura mako uku, ya ce bari ya gwada a gida. Gidan nasu akwai akwatin intanet guda a saman kabad ɗin falo, shi ke ba kowa, har ɗakin Inna da ke can ƙarshen tsakar gida. Ranar Alhamis bayan asuba ya jona tsohuwar kwamfutarsa da akwatin, ya buɗe jerin wayoyin da akwatin ya sani. Ga tasa, ga ta matarsa, ga talabijin. Ga kuma wata an rubuta mata Auta.

Gwaji yana bukatar ɓarawo. Yana iya zaɓar talabijin. Ya daɗe yana kallon sunan, sai ga Asabar ta zo masa a ido tun ba ta zo ba: Auta zaune a gefen gadon Inna, a ƙarƙashin takardarta mai hatimi, tana ta latsa waya ta ƙi shiga. Ta kashe ta kunna. Ta ɓata fuska. Inna ta ce, ke da takardarki? Can sai a ji muryarta ta ratsa tsakar gida: Yaya, zo ka duba mini. Shi kuma ya taso a hankali, yana gyara hula.

Ya rubuta umarnin: duk na'urar da ta zo da wannan suna, a toshe. Wurin dalili, inda littafin ya ce a rubuta bayani gajere, ya rubuta abin da ba wanda zai gani sai shi: Baƙuwa ce. Takarda gare ta, ba ta san aiki ba. A bar ta a waje sai ta kira Yaya. Wurin saƙo ya kwafi abin da ke cikin littafin yadda yake, a sanar da mai akwatin. Ya bar kwamfutar a kunne, ya sa takalmi ya tafi aiki yana jin wani sauƙi a ƙirji irin wanda ya manta rabonsa da shi.

Abu biyu ya manta. Wayar da Inna ke riƙewa tsohuwar wayar Auta ce, ba wanda ya canza mata suna. Akwatin kuma Auta ce ta kawo shi bara ta haɗa, adireshinta ne a ciki a matsayin mai shi.

Inna takan kunna wayarta da hantsi. Da ita take sauraron karatu tana tsintar abin da za a dafa, da ita kuma take ganin fuskar ƙanwarta da ke wani gari mai nisa, wadda ƙafa ta zaunar da ita, kullum bayan azahar. Ranar nan karatu bai zo ba. Ta girgiza wayar, ta goge ta da gefen zani, ta ɗaga ta sama wajen taga. Azahar ta wuce, fuskar ƙanwarta ba ta zo ba. Ta zauna da wayar a cinya tana zargin kanta, ko jiya da ta ajiye ta kusa da buta ruwa ya shiga. Surukarta ta ce a kira Baban yara. Inna ta ce a'a, a bar shi da karatunsa, kada a ɗora masa wani nauyin. Ta sa aka kira mata Auta.

Ita wayar, baiwar Allah, ba ta san an kore ta ba. Duk minti uku sai ta sake ƙwanƙwasa ƙofar akwatin, duk ƙwanƙwasawa umarnin ya tashi ya toshe ta, ya rubuta dalili, ya aika wa mai akwatin. Na'ura ba ta gajiya, ba ta jin kunya, ba ta kuma cewa ai na faɗa ɗazu.

Da ya dawo bayan la'asar ya tarar da takalmin Auta a ƙofar falo, ranar Alhamis. Tana zaune a kujerarsa ta karatu, da tufafin zuwa aiki a jikinta, jaka a cinya. Matarsa ta karɓi ledar hannunsa ta shige kicin ta ja ƙofa.

Auta ta gaishe shi yadda ta saba, har da ɗan rusunawa. Sannan ta miƙa masa wayarta. Saƙo ne a jere, iri ɗaya, ya ja da yatsa bai ga ƙarshensu ba. Baƙuwa ce. Takarda gare ta, ba ta san aiki ba. Ya ja, ya ja, maganarsa na ta hawa tana sauka a gabansa.

"Ɗari da arba'in da uku," in ji ta. "Ina cikin taro suka fara shigowa. Na ɗauka an yi mana kutse ne, har na tashi na fita."

Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya tsaya riƙe da bayan kujera. Ya ce gwaji ne. Ta ce ta sani. Ya ce ba da ita yake ba, suna kawai ya ɗauka. Ta dube shi, sai ya ga idonta ya yi ja irin na wanda ya yi kuka a mota ya share kafin ya fito.

"Wayar Inna ka toshe, Yaya. Tun safe take zaune da ita a cinya. Ƙanwarta ta jira ta har ta gaji."

Wannan ta fi saƙonnin zafi. Ya tambaya a hankali ko Inna ta ga abin da ya rubuta. Auta ta ce ba ta gani ba, ba kuma za ta gani ba. Ta ce ta gaya wa Inna akwatin ne ya ɗan rikice, kuma abin ya fi ƙarfinta, sai Yaya ya dawo. Ba ta taɓa komai ba. Kwamfutar ma ga ta nan a kunne yadda ya bar ta.

Daga can ƙarshen tsakar gida muryar Inna ta taso, tana tambaya ko Babba ne ya shigo, ya zo ya duba mata wayar nan. Kiran da ya shirya wa tarko don ya ji, ga shi ya zo masa. Bai taɓa jin kira mai nauyi irinsa ba.

Ya durƙusa gaban kwamfutar ya goge umarnin. Ya je ɗakin Inna ya karɓi wayar, ya kashe ya kunna don a ga ya yi wani abu. Karatu ya dawo daga inda ya tsaya. Inna ta yi ta sa masa albarka, ta ce wa Auta ta gani ko, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Auta ta ce ai ta sani. Shi kuwa kansa na ƙasa, bai dubi bango ba.

Da suka fito zai raka ta bakin titi, ta tsaya a falo, ta ɗaga fankar ta zaro littafinta, ta kaɗe shi ko da yake ba ƙura.

"Kuskure uku ka yi," ta ce, "kuma duk ukun sun fito mini a jarrabawa. Ka toshe da suna ba ka tabbatar ko wayar wa ce ba. Ba ka gwada a kan abin da ba zai cutu ba tukuna. Ba ka ce masa in ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru ba."

"Na huɗun fa?"

"Na huɗun ba ya cikin littafi."

Ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu.

Asabar uku suka zauna bayan azahar. Bai zama ɗalibi mai daɗi ba. Yakan yi gardama, ya ce a aikin gaske ba haka ake yi ba, ta ce to a jarrabawa haka ake yi, in ya ci sai ya rubuta nasa littafin. In ta gyara masa amsa, yakan kurɓi ruwan sanyi kafin ya rubuta. A Asabar ta biyu ya cire robar baƙin littafinsa a gabanta, abin da ko matarsa ba ta taɓa gani ba, suka riƙa ɗaukar matakansa ɗaya-ɗaya suna mayar da su umarnin da na'ura za ta gane. Wasu suka shiga. Wasu suka ƙi, irin wanda ya rubuta cewa a dubi fuskar ma'aikaci. Auta ta ce wannan sai dai ya riƙe abinsa.

Ya zauna jarrabawar wata Talata da safe, a wani ɗaki mai kujeru goma sha biyu, aka karɓe masa waya da agogo da baƙin littafi aka kulle a akwati. Awa uku. Da ya danna maɓallin ƙarshe allon ya yi fari na ɗan lokaci, sannan ya nuna saba'in da uku.

Ya yi hamdala a wurin. Ya fito ya karɓi kayansa, ya kira matarsa, ya kira Inna, ya kira Auta. Tana ta murna, shi kuma tambayar da ya yi wata shida yana riƙe da ita ta kuɓuce masa. Ya ce ita nawa ta samu ne ma? Ta ce ta manta. Ya ce ƙarya ba kyau. Ta ce tasa'in da ɗaya. Ya ce Allah Ya ƙara, ya kashe wayar, ya tsaya a bakin titi yana lissafin tazarar a ransa har mota biyu ta wuce shi.

Kujerarsa ta hawa na biyu ta tsaya masa. Rigar sanyin tana nan a bayanta. Sai dai yanzu ba mai turo ƙofa yana haki. Na'ura ke kashe gobarar tun tana hayaƙi, da matakan da ya koya mata, shi kuma ya karanta rahoto bayan an gama. Sababbin ma'aikata ba su san dalilin sunansa ba. Ya rage cin abinci da ƙari. Inna ce dai, tun daga lokacin, wayarta ta koyi lalacewa duk bayan kwana biyu, kuma in ya je yakan tarar an rage mata murya ne kawai har ƙasa. Yakan gyara, ta sa albarka.

Ranar da aka kawo takardarsa cikin gilashi, da kansa ya rataye ta. Ya ja da baya ya duba. Kafinta bai auna daidai ba, ƙusarsa ta yi ƙasa da ta Auta da kamar faɗin yatsa biyu. Ba wanda zai lura sai wanda ya yi wata shida yana kallon wurin. Ya ce wa Inna bari ya ɗauko guduma ya ɗan gyara.

Inna ba ta ɗago daga carbinta ba. Ta ce ya bar mata bangonta haka, ya riga ya sha ƙusa.

Ya bari. Amma har yau, in ya durƙusa gaishe ta da safe, kafin ya ce ina kwana, idonsa kan ɗan hau bangon ya sauko.